Java ba dodo ba ce: saƙo ga ƙannena 'yan aji biyu

Rubutun nan dogo ne, mai sauri ya ajiye shi sai dare in ya samu caji. Na rubuta shi ne saboda semesta ta kama, kuma duk shekara abu ɗaya muke gani a cikin 'yan arewan da ke karatun kwamfuta a nan kudu. Aji ɗaya lafiya lau, ana cin lissafi, ana cin fiziks. Da an shiga aji biyu an haɗu da Java, sai ka ga fuska ta canza. Wani ya kwashi kariyoba, wani ya fara neman fom ɗin canza sashe, wani kuma ya lallaɓa ya biya kuɗi a rubuta masa asayimen. Ni yanzu ina aji huɗu, kuma a saitinmu kaɗai na san mutum biyu da suka bar sashen saboda kos ɗin nan, alhali wallahi kansu ya fi nawa ja.

Abin da ke karya mana gwiwa na san shi. Ka shiga dakin kwamfuta, ka ga yaron da ke gefenka yana buga kibod ba ya ko kallon yatsunsa, tun yana sakandare yake da laftof. Kai kuwa wataƙila ranar jarabawar JAMB ce ranar farko da ka zauna gaban kwamfuta na awa biyu cur. Lakcara yana zuba Turanci da sauri, in ya yi barkwanci da Yarabanci ko Burokin aji ya fashe da dariya, kai kana zaune ba ka san ko cikin darasin ba ne. Ga kunya irin tamu, ba ma son ɗaga hannu a ce ɗan aboki bai gane ba. To ni dai abin da na gano shi ne, yaron can ya riga ka fara tafiya ne kawai, kuma tazarar ba ta wuce ta wata uku zuwa huɗu ga wanda ya dage.

Bari in fara da abin da zai ba ku mamaki: kun daɗe da sanin Java. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar Nokia ta yayansa yana hira a 2go, ko ya buɗe Opera Mini yana lallaɓa data, ko ya tura wa abokinsa gem ta bulutut, to Java ya yi amfani da ita. Fayilolin nan masu ƙarewa da .jar nata ne, kuma hoton kofin nan mai tururi da ke fitowa kafin gem ya buɗe tambarinta ne. A wancan lokacin har a kasuwar waya ana cewa "wannan mai Java ce", kuma kuɗinta ya fi na marar ita. Abin da kuka yi wasa da shi kuna yara ne yanzu aka ce ku buɗe cikinsa.

Asalinta daga Amurka ne, a kamfanin Sun Microsystems. A 1991 James Gosling, ɗan ƙasar Kanada, da abokan aikinsa suka fara ƙera wani yare don ƙananan na'urorin lantarki na gida. Da farko Oak suka sa masa suna, saboda wata bishiya da ke wajen ofishin Gosling. Daga baya aka koma Java, sunan da ake kiran gahawa da shi saboda tsibirin Java na Indunusiya, shi ya sa kuke ganin kofi. A 1995 aka fito da ita fili, daidai lokacin da intanet ke tashe, kuma a 2010 Oracle ya saye Sun gaba ɗaya. Shekara talatin ke nan tana aiki. Manhajojin Android na shekarun farko da ita aka rubuta su, kafin Google ya karɓi Kotlin a 2017, kuma Kotlin ɗin ma 'yar gida ce, suna cuɗanya da Java a cikin aiki ɗaya. Minecraft na asali da Java aka yi shi. Sannan don Allah a daina haɗa ta da JavaScript. Wannan wani yare ne daban da Brendan Eich ya yi a Netscape, a 1995 ɗin dai. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, kamar Musan Kano da Musan Maiduguri.

Me ya sa ta yi farin jini? Kwamfuta ba ta jin Turanci, ba ta jin Hausa, sifili da ɗaya kawai ta sani, kuma kowace irin na'ura da nata karin harshen. A yare irin C, in ka fassara manhajarka don Windows, sai ka sake fassara ta in za ta hau Linux. Java sai ta kawo dabara. Kai za ka rubuta kod ɗinka a fayil mai ƙarewa da .java. Wani tafinta mai suna javac zai juya shi zuwa wani yare na tsakiya da ake kira baitkod, ya zuba a fayil mai ƙarewa da .class. Daga nan sai JVM, wato wata kwamfuta ta manhaja da ke zaune a cikin kwamfutarka, ta karanta baitkod ɗin ta gaya wa na'urar abin da za ta yi. Kowace na'ura da tata JVM ɗin, amma baitkod ɗaya ne. Ku tuna yadda Hausa take a kasuwar shanu: Bafulatani, Babarbare, Buzu da Bazabarme duk da ita suke ciniki, kowa ya juya ta zuwa harshensa a cikin kansa. Matsayin baitkod ke nan.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato OOP. Tunanin ya girmi Java nesa ba kusa ba. A Nowe aka fara shi cikin shekarun 1960, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka yi yaren Simula. Abin da ya ƙunsa bai da yawa: maimakon ka rubuta dogon jerin umarni daga sama har ƙasa, sai ka kalli matsalar ka tambayi kanka, su wane ne a cikinta, me kowa ya mallaka, me kowa ke iya yi.

Ranar da abin ya zauna mini, ba a aji ba ne. Muna adashi a hostal, mu goma, kowa dubu biyar duk wata, ni ne mai riƙe littafi. Abokin ɗakina, wani Bayarabe da ya fi kowa iya kod a ajinmu, ya leƙo littafin ya ce, "Aboki, ai ga asayimen ɗinka nan a hannunka, kana ta neman misali a intanet." Daren nan muka zauna muka rubuta wannan:

class Adashi {
    private long jimla;

    void zuba(long kudi) {
        if (kudi > 0) {
            jimla = jimla + kudi;
        }
    }

    long kwasa() {
        long rabo = jimla;
        jimla = 0;
        return rabo;
    }
}

Ku dube shi da kyau, ba wani tsafi a ciki. Kalmar class tana nufin tsari, kamar ƙarfen buga bulo. Ƙarfen ba bulo ba ne, ba za ka yi gini da shi ba, amma duk bulon da ya fito daga cikinsa siffarsa zai ɗauka. Bulon shi ake kira objet. In ka rubuta

Adashi naHostal = new Adashi();
Adashi naAji = new Adashi();
naHostal.zuba(5000);

ka buga bulo biyu ke nan daga ƙarfe ɗaya. Dubu biyar ɗin ta shiga adashin hostal, na aji yana nan a sifili, don kowanne da tasa jimlar. Jimla ita ce abin da adashi ya mallaka. Zuba da kwasa su ne abin da yake iya yi, su ake kira metod. Wanda ya gane sakin layin nan ya gama rabin kos ɗin.

Sauran rabin shi ne ginshiƙai huɗun da za a tambaye ku a jarabawa, ko shakka babu.

Na farko, killacewa, wanda littafi ke kira encapsulation. Kun ga kalmar private a gaban jimla? Ma'anarta babu wanda zai zura hannu daga waje ya taɓa kuɗin. Uwar adashi ba ta ajiye jakarta a tsakar gida kowa ya ɗiba. Mai son zubi ya biyo ta hannunta, ita kuma ta duba. Shi ya sa muka sa sharaɗin cewa sai kuɗin ya wuce sifili, kada wani ɗan wayo ya zuba mainos dubu goma ya yashe mu. Haka asusunka na banki yake, ba ka da ikon gyara balans ɗinka da kanka.

Na biyu, gado. A ce kana da kilas mai suna AbinHawa, yana da lamba, yana da direba, yana ɗaukar fasinja. In za ka yi Okada, ko Danfo, ko KekeNapep, ba sai ka sake rubuta duk wannan ba. Ka rubuta class Danfo extends AbinHawa, shi ke nan ya gaji kayan ubansa, sai ka ƙara masa nasa, kamar kwandasta. A Java ɗa ba ya da uba biyu, kilas ɗaya kawai ake gada kai tsaye. Kuma in ka bi salsala, duk wani kilas yana komawa ga kaka ɗaya mai suna Object.

Na uku, polymorphism, kalmar da ke firgita mutane a banza. Umarni ɗaya ne, amma kowa ya amsa shi irin nasa. Ka ce wa ɗan okada "nawa ne?", zai duba nisan wurin. Ka ce wa kwandastan danfo, zai tambaye ka tashar da za ka sauka. Mai keke zai ce kujera ɗaya kake so ko shata. A kod, kowannensu yana da metod mai suna kudinMota, amma lissafin ciki daban. Kai mai kira ba ruwanka, ka jera su duka a matsayin AbinHawa, ka kira kudinMota, Java za ta gane wane ne a gabanta lokacin da manhajar ke gudu.

Na huɗu, abstraction, wato a nuna maka abin da kake buƙata a ɓoye sauran. Mai POS yana danna maɓalli kuɗi ya fita, bai damu da hanyar da saƙon ya bi zuwa banki ba. A nan ne za ku haɗu da interface, wanda alƙawari ne zalla: duk kilas ɗin da ya sa hannu a kai dole ya cika ayyukan da aka lissafa. Uba ɗaya gare ka, amma alƙawari kana iya ɗaukar goma.

To ga ramukan da na ga suna cinye wa mutane maki, ku rubuta su a bangon littafi.

Java tana bambanta babban baƙi da ƙarami. System da system ba abu ɗaya ba ne a wurinta, kuma in ka manta waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layi, ba za ta yi maka kara ba.

In ka raba int da int, int za ta ba ka, ta yar da ragowar. Ɗauki lissafin GP: maki 67, yunit 18. Amsar gaskiya 3.72 ce, amma in duka biyun int ne, 3 za ka gani. A ma'aunin maki biyar, ta sauko da kai ke nan daga sakan kilas ofa zuwa lowa ba tare da ka faɗi ko kos ɗaya ba. Ka mai da ɗayansu double.

Amma kuma kada ka lissafa kuɗin mutane da double. Gwada 0.1 + 0.2 ka gani, 0.30000000000000004 za ta fito, saboda yadda kwamfuta ke ajiye gutsuren lamba da sifili da ɗaya. Harkar kuɗi, ko dai ka yi lissafi da kwabo a cikin long, ko ka yi amfani da BigDecimal.

Lambar waya ba lambar lissafi ba ce. Iyakar int 2,147,483,647 ne, lambobinmu kuwa masu guda 11 sun wuce nan ko an cire sifilin farko. Ga shi sifilin ma ɓacewa zai yi. Ka ajiye ta a String, tunda ba wanda zai tara lambarka da ta ƙanwarka.

In za ka gwada rubutu biyu ko iri ɗaya ne, yi amfani da equals. Alamar == tana tambaya ne ko su biyun abu ɗaya suke nunawa a ma'ajiya. 'Yan biyu suna kama, amma mutum biyu ne.

Jeri a Java daga 0 yake farawa. Jerin mutum goma, na ƙarshe shi ne na 9. Ka kira na 10, ta watso maka jan rubutu.

Sai NullPointerException, wanda kowa zai gamu da shi. Ka rubuta Adashi naAji, ka sa shi null, ba ka kira new ba, sannan ka ce a zuba kuɗi. Ka raɗa suna ne babu jariri. Tony Hoare, masanin Ingila da ya shigo da null cikin yaren kwamfuta a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren da ya ci dala biliyan. Saboda haka in ya kama ka, ba kai ne farau ba.

Game da jan rubutun nan, ina roƙonku ku riƙa karanta shi. Na lura da yawanmu da sun ga ja sai gaba ya faɗi, a rufe laftof. Alhali Java tana gaya maka sunan fayil, da lambar layin, da irin matsalar. A duk makarantar nan ba ka da malamin da zai duba aikinka sau ɗari a dare ɗaya bai gaji ba, bai kuma yi maka dariya ba, sai javac.

Wani abin da ya faranta mini rai: Java tana karɓar baƙaƙenmu masu lanƙwasa, domin a kan Unicode aka gina ta tun farko. Kana iya sa wa abu suna kuɗi ko ɗalibi da ɗ ɗinsa, ta karɓa, musamman daga Java 18 da UTF-8 ya zama tsarinta na asali. A asayimen dai ku rubuta sunaye da Turanci don mai dubawa ya gane. Amma in kana koyo a ɗaki, sa sunayen da Hausa. Nan take za ka bambance kalmomin da na Java ne, irin su class da return da new, da waɗanda kai ka ƙirƙira. Ni wannan dabarar ta cire mini ruɗani mai yawa.

Na san wani zai ce, "Yaya, ni fa ba ni da laftof." Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Wata ƙanwarmu 'yar aji uku da waya ta ci kos ɗin nan. Da rana ta rubuta kod a takarda, ta bi shi layi layi da biro tana rubuta abin da kowane suna ke ɗauke da shi, da dare ta buɗe JDoodle a burauza ta gwada. Ranar Asabar ta ari laftof na awa biyu. Da sakamako ya fito, B ta samu, ta wuce wasu masu laftof ɗin dubu ɗari biyar. Dalili kuwa a fili yake: jarabawar a takarda ake yin ta, babu maɓallin gwaji, babu mai cika maka kalma. Wanda ya saba bin kod da ido shi ke da riba a wannan zauren.

Mai laftof kuma, ko tsohuwa ce, ta isa. JDK kyauta ne, kada ka ƙona data, zo da filas in tura maka. Ka ɗauki ɗaya daga cikin masu dogon tallafi, 17 ko 21, sai dai in lakcara ya ce ga wadda yake so, don wasu har yanzu a kan Java 8 ta 2014 suke koyarwa. In na'urarka ba ta da ƙarfi, fara da BlueJ, don koyarwa aka yi shi, yana zana maka kilas da objet ka gan su da idonka. NetBeans, Eclipse da IntelliJ suna nan suna jiranka. Dogon layin nan na public static void main kuma, rubuta shi kawai a matsayin ƙofar shiga, ma'anar kowace kalma za ta zo kafin tsakiyar semesta.

Sai maganar da ba a so. ChatGPT zai rubuta maka asayimen cikin daƙiƙa goma, haka ma yaron da ke karɓar dubu uku. Maki goma ko ashirin za ka samu da wannan. Ranar jarabawa, mai maki sittin ko saba'in, daga kai sai biro. Bayan ita akwai kos ɗin tsarin bayanai a gaba, wanda a kan wannan aka ɗora shi, akwai SIWES inda za a zaunar da kai gaban kwamfuta a ce gyara kaza, akwai difens na furojet inda za a nuna layi ɗaya a ce yi bayani. In za ka tambayi AI, tambaye shi ya fassara maka jan rubutu, ko ya ba ka atisaye. Kod ɗin kuwa ya fito daga yatsunka.

Ku tuna abin da aka kashe kafin mu zo nan. Wasunmu kwana suke a mota daga Sakkwato ko Damaturu, wasu sai da aka sayar da buhunan hatsi ko tunkiya aka haɗa kuɗin rajista. Kariyoba ɗaya a kos mai sharaɗi tana iya jawo ƙarin shekara, ƙarin shekara kuwa kuɗin makaranta ne, da na ɗaki, da na mota, a kan mutanen da ba su taɓa jin sunan Java ba. A ɗaya gefen, ku buɗe tallan aikin bankuna da kamfanonin biyan kuɗi na Legas ku ƙirga sau nawa za ku ga Java da Spring Boot. Kuma aiki ne da ake iya yi daga Kano ko Gombe in akwai wuta da intanet. A gida ma ga 'yan kasuwar Kwari da Dawanau, ga makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da yawansu har yau a littafi suke lissafi. Wanda zai rubuta musu manhajar da ta san mudu da tiya da bashin ranar kasuwa, sai wanda ya tashi a cikinsu.

Saboda haka ga abin da muka tsara da wasu 'yan aji huɗu. Duk Asabar, ƙarfe huɗu da rabi zuwa shida, za mu riƙa zama a ajin da muke taron ƙungiya. Kyauta ne. Da Hausa za a yi bayani, da Turanci za a rubuta amsa irin ta jarabawa. Mata, akwai yayyenku biyu da za su zauna da ku, kada kunya ta hana kowa zuwa. Wanda ba ɗan arewa ba ma in yana so ya zo, mu ma wasu ne suka koya mana.

Kafin Asabar ga aikin gida. Ɗauki kilas ɗin Adashi na sama, ka ƙara masa yawan mutane da kuɗin zubi, sannan ka gyara kwasa ta yadda ba za ta saki ko kwabo ba sai kowa ya zuba. Rubuta a takarda, ko daidai ko ba daidai ba, ka taho da ita. Wanda ya san ɗan aji biyun da ba ya cikin zauren nan, ya tura masa. Allah ya ba mu sa'a.